Wanda Ya Ɗanɗana wa Kwikwiyo Magani

Wani ne, Allah ya zuba masa ƙwazo, amma irin ƙwazon nan da in ka gani a jikin ɗanka sai ka duƙufa da addu'a. Ba malalaci ba ne, ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya gardama da na gaba. Abin da ke kashe shi kawai, in aka sa shi aiki sai ya wuce gona da iri. Ya yi aiki a wurin wankin mota, aka ce ya wanke wata mota tas ciki da waje, ya buɗe ƙofofi ya zura tiyo, ya wanke har da rediyo da takardun mai motar. Ya koma gadi a wani kamfani, aka ce kada ya bar kowa ya shiga in an tashi. Mai kamfanin ya manta wayarsa ya dawo ɗauka, gogan naku ya tare ƙofa, har yana tuna masa cewa ai da bakinsa ya kafa dokar. Duk inda ya je ba a rabuwa da shi da faɗa. Gefe ake jansa a yi masa godiya, a ce ya je ya huta tukuna, za a neme shi.

Matarsa ce ke riƙe da gidan da ɗan keken ɗinkinta, kuma haƙurinta ya soma ƙarewa. Tana da yaya ɗan kasuwa, mutum mai ƙaramar magana da babban tumbi, wanda ke shirin buɗe sabon shago. Ta yi ta yi masa naci a kan ya ɗauki mijinta tsaron shagon. Yayan ya san tarihin surukinsa kaf, don haka ya yi ta kauce-kauce, har ranar da ta yi masa kuka a waya.

Washegari sai ga shi a gidan hayar da suke zaune, rungume da kwali. A cikin kwalin akwai ɗan kwikwiyo fari da baƙi, irin na ƙasar waje, kunnuwansa sun fi kansa girma, cikinsa ƙato kamar ya haɗiye ƙwallo. Ya ce gadin gidansa zai yi in ya girma, kuma ya raɗa masa suna Darakta, don yana sa ran zai yi nisa a rayuwa.

"Zan yi tafiya in ɗauko kayan sabon shago," in ji shi. "Gobe ka kai shi wurin likitar dabbobi, na riga na yi mata magana, maganin tsutsar ciki za ta ba shi. In na dawo na same shi da rai da lafiya, makullin shagon naka ne. In kuwa na same shi wani iri, to gaisuwa ta waya ma ta ishe mu."

Gogan naku ya karɓi kwalin hannu bibbiyu, yana rantsuwa cewa ko ƙuda bai isa ya sauka a kan Darakta ba sai da izininsa. Bai taɓa riƙe kare ba a duniya, amma wannan bai dame shi ba. Matar ta ce ita dai ba a ɗakinta ba, don haka aka ajiye kwalin a bakin ƙofa, ya cire bargonsa ya shimfiɗa a ciki.

Da safe ya saɓa kwali ya nufi asibitin dabbobi. Ɗaki ne fari fes mai warin magani, da teburin ƙarfe a tsakiya, da sikeli a ƙasa kusa da bango, da hoton ƙasusuwan kare a manne. Likitar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta ɗora Darakta a sikeli, ta buɗe bakinsa ta duba dasashi, ta matsa cikin nan da yatsu biyu, ta ce lallai akwai tsutsa, kuma ba sabon abu ba ne ga kwikwiyo. Ta ɗauko wata kwalba da sirinji marar allura, ta nuna masa layin da zai ja maganin ya tsaya, ta ce da nauyin jiki ake auna shi, kada ya wuce layin nan. Sauran a ajiye don zagaye na biyu.

"Wataƙila ya yi ɗan zawo," ta ce, "ko ya yi amai, ko ya ƙi abinci ya kwanta lamo. Ba abin tsoro ba ne, yakan wuce da kansa. Ka dai ajiye masa ruwa, kuma kada ka canja masa abinci."

Mutumin ya ce, "Likita, wato maganin ne da kansa zai sa masa ciwon?"

"Wani lokaci, kaɗan."

"To in ba a ba shi ba fa?"

"Tsutsa ta ci gaba da raba abinci da shi."

"Wato ko ta ina dai sai an taɓa shi."

Daga nan likita ta juya tana neman leda a durowa, tana ci gaba da bayani a kan abin da zai iya gani ya fito a kashin kwikwiyon, da alamun da in ya gani ya dawo da shi maza. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Kalmar zawo ta riga ta toshe masa kunne, kuma idonsa na kan sikelin nan. Ya lallaɓa ya cire takalmi ya hau, ya duba lambar, ya sauka kafin ta juyo. Ya karɓi leda ya yi godiya har da rusunawa.

Da ya isa gida sai ya zauna a bakin ƙofa, ya ajiye kwalbar a gabansa yana kallonta kamar mai kallon abokin gaba. Matar tana ciki tana taka keke. Can sai ya ce mata shi fa hankalinsa bai kwanta da maganin nan ba. Maganin da mai bayar da shi ma ta yi masa shaidar zawo da amai, ta yaya zai ɗura wa amanar Yaya haka kawai? Ai babu uwar da ke ba ɗanta abu ba ta ɗanɗana ba.

"Ba kai ka haife shi ba," in ji matar, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Amma ni zan amsa tambaya."

Ta ce ya yi abin da likita ta ce ya huta, ya bar neman gira kada ya rasa ido. Ya ce to. Ya buɗe kwalbar ya sunsuna. Ƙamshin ayaba ya ji. Ya dangwala yatsa ya lasa, sai ga zaƙi. Ya jira ya ji ko wani abu zai motsa, shiru. Sai ya soma tunani, kuma duk wanda ya san shi ya san daga nan ake shiga uku. Likita ta ce da nauyin jiki ake auna maganin. Darakta ko nauyin takalminsa bai yi ba, shi kuwa ya ga nasa nauyin da idonsa a sikeli. Lasa ɗaya a jikin ƙato kamarsa ai ba gwaji ba ne, yaudarar kai ce. Ya yi ƙoƙarin lissafi a ƙasa da tsinke, lissafin ya ƙi, don tun a makaranta ba sa shiri. Sai ya yanke hukunci mai sauƙi. Ya ja rabon Darakta a sirinji daidai layi, ba ƙari ba ragi, don shi mutum ne mai bin doka. Ya ajiye shi gefe, ya kafa kai ya shanye sauran.

Matar ta fito zubar da ƙyallaye ta tarar da shi yana girgiza kwalba a kan harshe. Ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"Allah dai ya sa kada ka fara haushi," ta ce, ta koma ciki.

Shi kuwa ya miƙe ya zagaya tsakar gida, ya yi tsalle, ya duƙa ya taɓa yatsun ƙafa. Lafiya lau. Ya ɗaga Darakta ya matsa masa sirinjin a gefen baki, kwikwiyo ya lashe har yana neman ƙari. Maƙwabcinsu mai aski ya dawo cin abincin rana, gogan naku ya tare shi yana ba shi labarin yadda likitocin zamani ke tsorata mutane a banza. Ya ce shi yanzu ya gwada maganin da jikinsa, ba ji ya yi ba, kuma in ban da ɗan daɗin baki babu abin da ke ciki. Mai aski ya tambaye shi ko ya taɓa jin cewa wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ya ce ya ji, amma ba da shi ake ba.

Can da rana ta karkata Darakta ya shige kwali ya kwanta. Aka tura masa abincinsa da Yaya ya bari, ya sunsuna ya kawar da kai. Abin da likita ta faɗa ke nan daidai, amma gogan naku ya ga kamar makullin shago ne ya kawar masa da kai. Ya kira sunansa, ya tafa hannu, ya yi masa fito. Darakta ya buɗe ido ɗaya ya rufe. Nan da nan ya zari takalmi ya fita, ya dawo da madara da ƙunshin kitse daga wurin mahauci. Matar ta tuna masa an ce kada a canja abinci. Ya ce ai ba canji ya yi ba, ƙari ya yi. Kwikwiyo dai kwikwiyo ne, ya ga kitse ya manta da kasala, ya share kwano, ya kora da madara har cikinsa ya koma yadda yake da safe.

Mutumin yana tsugune yana murmushin nasara sai ya ji nasa cikin ya yi wani ƙugi daga can ƙasa. Ya ce iska ce. Cikin ya sake magana, wannan karon da murɗawa. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki buta da natsuwa irin ta dattawa, ya yi taku biyu, na ukun da gudu ya ƙarasa.

To gidan haya ne, bayan gida ɗaya ne ga kowa da kowa. Ku dubi halin da bawan Allah ya shiga. Yana tsugunawa sai ya ji Darakta na kuka a waje, don shi ma madara da kitse sun fara aikinsu a kan na magani. Sai ya katse ya fito yana ɗaure wando, ya tarar kwikwiyo ya ɓata gefen kwali. Yana duƙawa ya goge, nasa cikin ya kira shi. Yana komawa, Darakta ya kira shi. Haka ya yi ta kai da kawowa tsakanin kwali da bayan gida, buta a hannun dama, tsumma a hagu, har ya fara ruɗewa yana shiga da tsumma yana fitowa da buta. Mai aski ya tsaya da tasa butar ya gaji da tsayuwa, ya zauna ya gaji da zama. Daga ƙarshe ya ba da shawarar a miƙa masa katifa da filo ta saman ƙofa ya tare a ciki kawai, shi kuma ya fita neman taimako a maƙwabta.

Matar, duk da haushin da take ji, ta tausaya masa. Ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari a kofi ta ce ya sha, su tafi asibiti. Ya ce ba inda za shi ya bar Darakta a wannan hali. Ya karɓi kofin ya kurɓa, sai ya tambaye ta ko ba ta ganin Darakta ya fi shi bukata. Ta ƙwace kofinta.

Da gari ya waye mutumin ya zabge, idanu sun faɗa, wando na neman zamewa daga ƙugu. Darakta kuwa ya tashi da ɗan kuzarinsa, ya sha ruwa, ya zagaya bayan tukunyar fulawar mai gida ya tsuguna. Gogan naku ya ja ƙafa ya bi shi don duba sakamako. Ya duƙa ya leƙa kashin. Wasu abubuwa ne farare dogaye kamar igiyar takalmi, ɗaya ma yana ɗan motsi.

Ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ke nan, hanjin Darakta ya tsinke yana fita gutsun-gutsun, shago ya tafi, zumunci ya tafi. Hawaye sosai ya yi, don har ga Allah ya fara son kwikwiyon. Matar ta leƙa ta ce ai tsutsotsi ne, su ake nema dama. Ya ce ita me ta sani ban da zare da allura. Ya shiga ɗaki ya juye kwalbar da take tara maɓallai a kan gado, ya fito ya tsince abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya da tsinke, ya zuba musu ruwa kada su bushe kafin a mayar. Cikakke aka ba shi Darakta, in ji shi, kuma cikakke zai mayar da shi.

Ya naɗe kwikwiyo a tawul, ya sa kwalbar hanji a aljihun gaba, kwalbar magani da ba komai a ciki a na baya, ya kama hanya. Tafiyar ba ta da nisa, amma kafin ya isa ya san bayan gidan kowane gidan mai da ke kan titin.

Yana shiga ya dire kwalbar a kan teburin ƙarfe, ya roƙi likita don girman Allah ta mayar da su ta ɗinke kafin Yaya ya dawo, ya tabbatar mata bai bar ko ɗaya a ƙasa ba. Likita ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken taga. Ta ce tsutsotsi ne, alama ce magani ya yi aiki, kuma ai jiya ta faɗa masa zai gan su. Ya ce wataƙila lokacin hankalinsa na wani wuri. Duk da haka ya roƙi a bar masa kwalbar, don ya nuna wa mai kaya cewa ba abin da ya salwanta.

Ta warware tawul ta duba Darakta. Dasashi lafiya, ido garau, wutsiya na kaɗawa, har ya cafke igiyar abin sauraren ƙirjinta yana ja. Ta tambayi abin da ya ci. Da ta ji madara da kitse sai ta cire tabarau ta goge. Ta ce rabin zawon nan ba na magani ba ne, na mahauci ne, cikin kwikwiyo ba ya son a yi masa ba-zata. A koma masa abincinsa kaɗan-kaɗan, a bar ruwa a gabansa, zuwa gobe zai daidaita. Ta sauke shi ƙasa, ya ruga kusurwa ya samu wani tsohon silifa ya hau ci.

An gama ke nan, amma mutumin bai motsa ba. Cikinsa na yaƙi, yana neman magani ido rufe, ga likita a gabansa, sai dai kunya ta hana shi. Da wane baki magidanci zai gaya wa mace cewa ya shanye maganin kare? Sai dabara ta zo masa, irin dabarunsa.

"Likita, akwai sauran abubuwan da ke damun Darakta ban faɗa ba."

"Ina ji."

"Cikinsa na murɗawa, daga nan gefen hagu, ya zagayo ta cibiya. In ya miƙe tsaye jiri yake gani. Ga gumi a goshi."

Likita ta dubi Darakta, wanda ke birgima da silifa. Ta ce, "Kare ba ya gumi a goshi."

"Wannan na ƙasar waje ne."

"To. Sai me kuma?"

"Bakinsa ɗaci. Ko ruwa ya sha sai ya ji kamar ƙarfe."

"Shi ya gaya maka?"

"Mun shaƙu, Likita."

Ta jawo kujera ta zauna, ta ce ya ci gaba, ba ta taɓa samun irin wannan ba tun da ta fara aiki. Gogan naku ya ga an ba shi fili. Ya ce ƙafafun Darakta na rawa in ya daɗe a tsugune, gwiwarsa ta dama ma har ta ƙage. Ya ce ba ya son ko jin ƙamshin ayaba yanzu. Ya ce kuma yana yawan nadama, yana tuna mahaifiyarsa. Yana cikin wannan sai cikinsa ya saki wani ƙugi mai tsawo, har wata mage da ke jiran layi a kwando ta miƙe tsaye. Ya yi sauri ya nuna kusurwa da yatsa ya ce, "Kin ji ko?"

Likita ta miƙa hannu ta ce ya ba ta kwalbar maganin jiya ta ga abin da ya rage na zagaye na biyu. Ya zaro ta daga aljihun baya da ƙyar. Ta juya ta, ko ɗigo babu. Ya ce zubewa ta yi. Ta tambaya a ina. Ya ce a wani wuri mai zurfi.

Ta buɗe durowa ta ɗauko ma'aunin zafi, ta goge shi da auduga, ta shafa masa mai a tsini. Ta ce ta gama duba kare, lafiyarsa ƙalau, saura mai ɗacin baki da nadama, ya hau tebur. Sannan ta yi masa bayani a natse cewa a wannan asibitin ba a baki ake saka ma'aunin ba, ba kuma a hammata ba.

Nan take gaskiya ta fito, ba sai an matsa ba. Ya faɗi sikeli, ya faɗi lissafin tsinke, ya faɗi ayaba. Likita ta ce maza ya wuce asibitin mutane da kwalbar a hannunsa, ya nuna musu abin da ya sha, kuma ya yi ta shan ruwa a hanya. Ta ƙara da cewa in sun tambaye shi dalili, ya faɗa musu da kansa, don ita ba ta da shi.

Ashe duk bayanin nan a kunnen Yaya aka yi shi. Ya dawo daga tafiya da safen nan, ya biya gidan ƙanwarsa, ta rako shi asibitin, suna tsaye a bakin ƙofa tun daga wajen gumin goshi. Matar ta rufe fuska da gefen mayafi, ba a san ko kuka take ko dariya ba.

Darakta ya ga mai shi ya yar da silifa ya ruga. Yaya ya ɗaga shi sama ya juya shi, ya ga tumbin nan ya sauka, ya ga kuzari har yana neman cizon hancinsa. Ya tambayi likita, ta tabbatar masa kwikwiyo lafiya lau, ya ma fi yadda aka kawo shi. Yaya mutum ne mai cika alkawari, kuma sharaɗin da ya gindaya an cika shi, da rai da lafiya. Ya sa hannu a aljihu ya zaro makullai, sababbi fil suna ƙyalli.

Gogan naku ya gan su sai ciwon ya tafi hutu. Ya miƙe ya gyara wando, ya dafa teburin ƙarfe don kada jiri ya kayar da shi. Matar ta yi masa alama da ido ya karɓa ya yi shiru. Ina, ƙwazo ya motsa.

"Yaya, ka dai gani da idonka," ya ce. "Ni haka nake riƙon amana. Duk abin da aka damƙa a hannuna, ba na bari ya je ga kowa sai na gwada shi a cikina tukuna. Kuma wallahi haka zan yi maka a shago, kaya ɗaya ba zai fita ba sai na ɗanɗana."

Yaya ya dubi makullan, ya dubi surukinsa, ya dubi ƙanwarsa. Sai ya mayar da su aljihu a hankali, ya ja zif.

"Maganin ɓera da na ƙwari na sauke," ya ce, "kuma ƙanwata ba ta shirya takaba ba."